Jos a ƙafa: zagayen tsohon garin kuza, daga gidan tarihi zuwa Dilimi

Duk wanda ya zauna a yankin Mayo-Rey cikin 'yan shekarun nan ya ga yadda labarin zinariya yake tayar da daji daga barci. Yau babu kowa, gobe bukkokin leda sun cika wuri, ga mai shayi, ga mai tsire, ga dillali da ɗan sikelinsa, ana ciniki da Fulatanci ko da Hausa. Yawancin irin waɗannan sansanoni na kewayen Tcholliré da Rey Bouba ba sa daɗewa. Da rami ya daina bayarwa, kowa sai ya naɗe tabarmarsa. Amma a Najeriya akwai sansanin mahaƙa da bai watse ba, ya yi ta girma har ya zama hedikwatar jiha. Shi ne Jos, babban birnin jihar Filato, wanda Hausawan cikinsa suke kira Jas.

Garin yana kan tsauni mai tsayin sama da mita 1,200 daga doron teku, a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Tsohon tsakiyarsa ƙarami ne, mai lafiyar ƙafa zai zagaye shi cikin rabin yini. Hanyar da aka bi a nan ta tashi daga gidan tarihi, ta gangara titin Ahmadu Bello zuwa Terminus, ta ƙare a unguwannin Hausawa na bakin rafin Dilimi. An zaɓi wannan jeri ne domin haka Turawa suka tsara garin: su da kantunansu a gefe guda, leburorinsu a ɗaya gefen.

Abin da ya tara mutane

Kuza baƙin yashi ne mai nauyi da ake samu a gindin rafuka da tsofaffin hanyoyin ruwa waɗanda ƙasa ta binne. In an narka shi sai ya ba da farin ƙarfe mai laushi wanda ba ya tsatsa. Shi ake shafa wa gwangwanin madara da na tumatir, da shi kuma ake liƙa wayoyin cikin rediyo da wayar salula. Ba Turawa suka fara gano shi ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Ririwai a kudancin ƙasar Kano da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna narka shi, su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwa, masu ƙera tasoshin tagulla su saya su yi musu farin shafe.

Waɗannan tsinkaye ne suka faɗa hannun wakilan kamfanin Neja, suka shiga neman inda suke fitowa. A 1903 wani injiniya mai suna Henry Laws ya hau tsaunin tare da rakiyar sojoji, aka kafa sansani a Naraguta, inda jami'ar Jos take da mazauni a yau. Kafin shekara goma ta cika, kamfanoni da dama daga Landan sun yanki filaye. Mutanen tsaunin manoma ne, ba su da sha'awar barin gonakinsu su yi wa Bature ƙwadago, ballantana da yake gonakin ne ake tonewa. Saboda haka aka riƙa kwaso leburori daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno, akawu da masu aikin hannu kuma daga kudancin Najeriya, da Gana da Saliyo. Aikin na diga da shebur ne da kwanon sarki a ka. A shekarun farko ma 'yan dako ne suke ɗaukar kuzar a ka, tafiyar kwana da kwanaki, zuwa Loko a bakin Binuwai, kogin nan da ya ratsa Garwa, daga nan a zuba ta a jirgin ruwa.

Gidan tarihi

A fara da sassafe daga gidan tarihi na ƙasa, wanda yake gindin wani dutse mai bishiyoyi, ɗan hawa kaɗan daga babban gidan waya. An buɗe shi a 1952, shi ne na biyu a Najeriya bayan na Esie. Shi kansa ɗan kuza ne. A 1928 mahaƙa suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, ba a dai ba shi muhimmanci ba. A 1943 aka sake samun wani kai na yumɓu a wajen Jama'a. Wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, har labari ya kai ga Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanta ilimin tono kayan tarihi. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya bi sansanonin haƙa yana roƙon a daina fasa abin da aka tono. Abin da ya tara shi ne tushen gidan, kuma daga nan duniya ta san al'adar Nok, wadda gumakanta suka haura shekara 2,000. Ana gane su da idanu masu kusurwa uku da aka huda tsakiyarsu, da kitso iri-iri wanda har yau mai kitso za ta tsaya ta duba.

Baƙo da yawa suna tsayawa a nan su juya, alhali rabin abin kallon yana waje. Akwai zauren tukwane da aka tattaro daga sassan ƙasar. Akwai tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda masu bincike suke zuwa dominsu. Akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da kayan aikin haƙa da aka ajiye a fili, ga gidan namun daji a maƙwabta. A nan ne kuma aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a 1963 da taimakon UNESCO, ana koyarwa da Ingilishi da Faransanci, don haka ɗalibai daga ƙasashe renon Faransa ma sun zauna a Jos.

Wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci shi ne filin gine-ginen gargajiya, wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafa shi a shekarun 1970. An kwaikwayi ganuwar Kano, da wani sashe na gidan Sarkin Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya, duk da ƙasa kuma da girmansu na gaske. Masallacin ne abin tsayawa. Na asalin, Babban Gwani ne ya gina shi a ƙarni na 19, daga baya aka lulluɓe abin da ya rage nasa cikin sabon gini na siminti. Mai son ganin yadda bakan gizo da azara suke ɗaukar rufin ƙasa mai faɗi haka ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba, a Jos zai fi ganinsa sosai. Mutumin Rey Bouba ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san katangar fadar Lamiɗo, ya kuma san ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe duk shekara da hannun jama'a masu yawa. A Rey akwai masu yin wannan aiki domin fadar tana da mai ita. Gine-ginen Jos ba mai kwana cikinsu, ga damina mai ƙarfi, kuma ruwa ya ci wasu sassan ƙwarai. Duk da haka abin da ya tsaya ya isa a shiga a ɗaga kai.

Gefen Turawa da kantuna

Daga gidan tarihi sai a gangara zuwa gidan waya, a kama titin Ahmadu Bello, babban titin kasuwancin garin. Wannan yanki shi ne wanda Turawa suka ware a ƙarƙashin nasu jami'i, ba a hannun sarki ba. Manyan kamfanonin saye da sayarwa irin su UAC da John Holt da PZ sun yi kantuna a nan, haka ma CFAO da SCOA na Faransawa, waɗanda dattawan Garwa da Ngaundere suka sani sarai. A tsakaninsu kuma ga shagunan Kwara, wato 'yan Lebanon da Sham. Yanzu allunan talla da gilasai sun rufe fuskokin gine-ginen, amma wanda ya ɗaga ido sama da shagunan waya da na atamfa zai hangi tsofaffin benaye masu baranda da rufin kwano, wasu da dutsen tsaunin aka gina gindinsu.

Kusa da nan akwai titin da ake kira Beach, kalmar da take nufin bakin teku da Ingilishi, a garin da ya yi wa teku nisan ɗaruruwan kilomita. Kamfanonin ne suka taho da sunan daga bakin koguna, inda haka suke kiran filin da ake sauke kaya da loda su. A Jos bakin ruwansu shi ne layin dogo. Titin Noad kuma, wanda ba shi da nisa, nan ne hedikwatar manyan coci biyu, ECWA da COCIN. Abin da zai ba baƙo Bahaushe mamaki shi ne a coci-coci da yawa na jihar da Hausa ake wa'azi da waƙa, domin ita ce harshen da ya haɗa ƙabilun tsaunin da juna. Otal ɗin Hill Station, wanda aka gina a 1938 don Turawan da suke zuwa shan iska daga garuruwa masu zafi, yana can sama a hanyar Tudun Wada. Wanda ya gaji yana iya barinsa.

Tasha da Terminus

Sunan Terminus na nufin inda layin dogo ya tuƙe. Layi biyu ne suka zo Jos. Na farko siriri ne, faɗinsa santimita 76 kacal, ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka. An rufe shi a 1957, kuma ragowarsa ce take gidan tarihi. Na biyu ya iso a 1927 ta Kafanchan. Shi ne ya haɗa tsaunin da Fatakwal, yana hawo da gawayin Inugu, yana gangarawa da kuza zuwa teku. Jiragen nesa sun daɗe da daina zuwa, amma tashar da gidajen ma'aikatan reluwe suna nan.

Wannan tasha ta ga mummunan zamani. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun mafi yawan kuzarta, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa sarakunan Arewa kawo mutane tilas. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso dubun dubatar talakawa daga lardunan Sakkwato da Katsina da Zazzau da Bauchi da wasunsu, abin da tsofaffi suke kira diban gwamna. Mutanen da suka saba da zafi aka sauke su cikin sanyin tsauni da ruwan sama, babu isasshen abinci, babu mayafi, babu ɗakin kirki. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. A 1943 ne aka fitar da kuza mafi yawa a tarihin ƙasar, sama da tan 17,000, kuma ba a cika faɗin wannan adadi tare da labarin waɗanda suka haƙo ta ba.

Bayan yaƙi harka ta ci gaba. A shekarun 1950 aka yi rububin wani ma'adini da ake samu tare da kuza, kolumbait, wanda Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka kuza ta Makeri. Daga nan sai gangara. Kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, Turawan kamfanoni suka soma tattara nasu ya nasu bayan dokar mallaka wa 'yan ƙasa hannun jari ta 1972. Da farashi ya faɗi warwas a kasuwar Landan a watan Oktoban 1985, manyan injuna suka tsaya.

A bakin shataletalen Terminus, inda titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad da hanyar Bauchi suke haɗuwa, akwai kangon babbar kasuwar Jos. An buɗe ta a shekarun 1980 da dubban shaguna, 'yan kasuwa daga Kamaru da Chadi da Nijar suna zuwa sari. Gobara ta cinye ta a watan Fabrairun 2002. Gwamnatoci sun yi ta alkawarin sake gina ta, 'yan kasuwa kuwa suka bazu a titunan da ke kewaye. A cikin wannan cunkoso ne bama-bamai biyu suka tashi ranar 20 ga Mayun 2014, suka kashe mutum fiye da 100. Har yanzu nan ne wurin da ya fi ko'ina cika a garin, kuma nan ne kowa da kowa yake haɗuwa, Birom da Bahaushe da Ibo da Bayarabe, ana cinikin gwanjo da dankalin Turawa da karas. A riƙe aljihu da kyau.

Cikin gari

Daga Terminus a bi hanyar Bauchi, a karya zuwa titin Masallacin Juma'a. Nan ne tsohon garin da Turawa suka yanka wa leburori da 'yan kasuwa, titunansa a miƙe suna gicciye juna kamar layin dara, ba kamar lungunan birnin Kano ko Zariya ba. Sunayen mazaɓun kaɗai sun isa tarihi: Ali Kazaure, Ibrahim Katsina, Abba Na Shehu, Garba Daho, Sarkin Arab, Gangare. Akwai ma mazaɓar Vanderpuye, sunan da asalinsa daga Gana yake. Babban masallacin shi ne cibiyar unguwar, kewaye da masu littattafai da turare da huluna. A titin Sarkin Mangu kuma akwai hedikwatar ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a wannan gari a 1978, ta bazu har Nijar da Kamaru da Gana. Marigayi Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, a Bukuru aka haife shi, a Jos ya rayu har rasuwarsa a 2015. Waƙoƙinsa na talakan gari ne, ɗan ƙwadago da yaron mota da matan aure, irin jama'ar da har yanzu suke cika waɗannan tituna.

A nan ne kuma baƙo zai ci karo da tambayar da ta fi kowace zafi a Jos: garin na wane ne? Hausawan Jos, waɗanda suke kiran kansu Jasawa, suna cewa kakanninsu ne suka kafa shi, suna kuma lissafa jerin mutanensu da suka riƙe sarautar garin a farkon zamanin Turawa. Birom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar tasu ce tun kafin a san kuza, waɗancan kuwa shugabannin baƙi ne kawai. A 1947 Turawa suka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, daga nan sarautar Gbong Gwom Jos ta zama babbar kujerar gargajiya ta garin. Ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ya sake hura wutar. Gardamar ba ta tarihi kaɗai ba ce, domin a Najeriya takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ita take buɗe ƙofar aikin gwamnati da tallafin karatu. An zubar da jini a kanta a watan Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, kuma bayan kowane rikici mutane sun ƙara ƙaura zuwa unguwannin da masu addininsu suka fi yawa.

Mai karatu a Briqueterie ta Yawunde, ko New Bell ta Duwala, ko zangon Kumasi, ba baƙon wannan magana ba ne. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ma ya ambaci kare 'yan tsiraru da kuma haƙƙin 'yan asalin wuri a jimla guda. Abin da ya sa ta Jos ta yi tsanani shi ne kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya. Manomin Birom an tone gonar kakansa an bar masa rami. Jikan leburan da aka kawo daga Kazaure shekara 100 da suka wuce kuwa bai san wani gida ba, kaburburan iyayensa suna nan. Baƙon da ya zo kwana biyu ya fi kyau ya saurara, kada ya yanke hukunci a teburin mai shayi.

Kafin a kama hanya

Daga Garwa ana bi ta Yola, sai Numan, Gombe, Bauchi, sannan Jos. A taho da cikakkun takardun tafiya da katin rigakafin shawara. A taho kuma da rigar sanyi ta gaske, musamman a Disamba da Janairu, lokacin da awon zafi yakan sauka ƙasa da digiri 10 da dare. Wanda ya saba da zafin Garwa na watan Afrilu zai sha mamaki. Doka ta hana acaɓa a Jos da Bukuru, Keke Napep da tasi ake hawa. Ranar Juma'a ana rufe wasu tituna kewayen masallaci, ranar Lahadi kuma ana tsaurara bincike kusa da coci-coci. A tambayi mai masauki halin da gari yake ciki kafin a fita, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko wurin ibada, a kuma koma masauki kafin dare ya yi nisa. Na abinci, ban da masa da tsire, a nemi gwaten acca, abincin mutanen tsaunin.

Dilimi

Yawon yana ƙarewa a gangaren Dilimi, rafin da mahaƙan farko suka bi suna wanke yashi. Yau an fi sanin unguwar da kasuwar kayan gyaran mota, da kuma lambunan rani a bakin ruwa. Ramukan da kamfanoni suka bari ba a cikin gari suke ba, sai an ɗauki mota zuwa Rayfield ko Bukuru ko Barikin Ladi. Can za a ga jajayen tuddan ƙasa da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, waɗanda suka sha cin mutane da dabbobi. Wasu an mai da su wurin shaƙatawa, wasu ana kiwon kifi, da yawa kuma da ruwansu ake ban ruwan kabeji da latas da tumatirin da ake lodawa zuwa Abuja da Legas. Wutar lantarkin kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 don injunan haƙa, har yanzu tana fitowa daga ruwan Kurra. Wanda ya taɓa zuwa Mayo Darlé a wajen Banyo, inda Faransawa suka haƙi kuza tun shekarun 1930, zai gane irin wannan ƙasa da ganin farko.

Haƙar ma ba ta mutu ba, ta dai koma hannun talakawa. Matasa suna tona rijiyoyi masu zurfi da ake kira loto, su bi jijiyar kuza ta ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi, wani lokaci ramin ya rufta da su. Mata suna wanke yashin a bakin ruwa da kwano, suna juya shi har farin ya tafi baƙin ya zauna a gindi. Daga nan a shanya, a zuba a buhu, a kai wa dillali ya ɗora a sikeli.